Yi Min Kukanta da Bakinka

Yayana mai gyaran rediyo ne, ko in ce mai gyaran duk wani abu da aka sa wa lasifika a ciki. Shagonsa da nawa bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki, don asali shago guda ne mahaifinmu ya bari muka tsaga shi biyu. Ni tela ce. Yana can yana narka dalma, ina nan ina taka keke, ba abin da ɗayanmu zai yi ɗayan bai ji ba. In ya yi tari na sani, in na yi tsaki ya sani. A haka muka tsufa, kuma har gobe Auta yake kirana, ni da jikata ta kusa kamo ni a tsawo.

Ɓangarensa ya fi nawa duhu, ya kuma fi nawa kaya. Matattun rediyoyi ne jere a kan kanta har rufi, waɗanda masu su suka kawo ba su dawo ba, shi kuma ya ƙi zubarwa don wata rana za a nemi wani abu a cikinsu. Teburinsa duk tabon ƙuna ne, yatsunsa ma haka. Tun yana ɗan makaranta ya fara, ranar da ya kwance rediyon mahaifinmu don ya ga mutumin da ke magana a ciki. Ya sha duka, amma kafin a gama dukan ya mayar da ita, kuma ta fi da fitar da murya.

A layinmu ba mai kiransa da sunansa. Mai Kunne ake ce masa, kuma da guminsa ya sami sunan. Idan ka kawo masa na'ura ba zai taɓa ta ba tukuna. Zai ajiye sukundireba, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "Yi min kukanta da bakinka." Ba wanda yake ɗaga wa ƙafa. Na ga direban babbar mota, ƙato, ya tsaya a bakin ƙofa yana "guuuu" kamar tattabara. Na ga wata dattijuwa da sai da ta waiga hagu da dama kafin ta tsuke baki ta yi "shhhh". Ni kuwa ina bayan falanki na cusa ƙyalle a baki don kada dariyata ta kore masa mutane. Shi ko murmushi ba ya yi. Zai karkata kai ya saurara, wani lokaci ya ce a maimaita, sannan ya faɗi abin da ya lalace tun bai kwance ko noti ɗaya ba.

Zama kusa da shi ya sa na haddace karatun ba da niyya ba. Gurnani, in ji shi, yawanci babbar kondansa ce ta bushe, ko wayar da ke zuwa jikin ƙarfe ta saki. Ƙaraf-ƙaraf datti ne a maɓallin murya, ko dalma ce ta tsage, wannan da gindin fensir yake nemo shi, yana ƙwanƙwasa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya yi magana. Huci ne ya fi ba shi haushi, don huci ba ya nuna gidansu. Yana iya zama tiransista ce ta gaji, yana iya zama wata 'yar resista da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. In kuwa murya ce ta yi ƙasa, sai ya ɗora yatsa a kan ƙarfen sukundireba ya riƙa taɓa ƙafafun tiransistocin, ya faro daga kusa da lasifika yana ja da baya. Duk inda ya taɓa lasifika za ta amsa da gurnani, kuma amsar kowane mataki ta fi ta wanda ya wuce ƙarfi. Inda amsar ta ƙi ƙaruwa, nan ɓarawon yake kwance. Yana da mita ta auna lafiyar kayan ciki, amma a aljihun tebur take zaune, ya ce ta waɗanda Allah bai ba kunne ba ce.

Da wannan kunnen ya ciyar da gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya yi jinyar mahaifiyarmu har ta cika. Sai zamani ya juya masa baya. Kayan yanzu ba a gyara su, in sun mutu a jefar a sayi wasu. Masu gyaran waya suka cika bakin titi da rumfunansu, shi kuma aka bar shi da tsofaffin rediyoyi da tsofaffin masu su. Wata rana zai wuni ba wanda ya leƙo sai ƙuda. Duk da haka kullum zai buɗe, ya share tebur, ya jona ƙarfen dalma, ya zauna. Babban ɗansa ya yi ta fama da shi ya rufe shagon ya huta. Amsarsa ɗaya ce: ranar da wata na'ura ta gagari kunnensa, ranar zai sa kwaɗo da hannunsa.

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya ƙi kallo, shi ne kunnen ya fara tafiya. Mu mun daɗe da lura. "Na'am?" ta yi yawa a bakinsa. Rediyon da yake kunnawa don labarai ta kai sai na ɗaga murya kafin mai kawo ɗinki ta ji ni. Matarsa ta ce sai ta kira shi ta sake kira, ƙarshe ta je ta taɓa kafaɗarsa. Shi kuwa cewa yake mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, kowa sai ƙunƙuni. Ɗan nasa ya taɓa gwada kawo zancen asibiti, Yaya ya tsame hannu daga abinci ya tashi, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Daga nan kowa ya kama bakinsa. Wa zai dubi Mai Kunne ya ce masa ba ya ji?

Ana cikin haka Mai Jita ya zo. Abokin Yaya ne tun suna samari. A zamaninsu yana kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke zagaya otal-otal da wuraren taro, Yaya kuma shi ke kula musu da kayan sauti. Yanzu ya tsufa, ya rame, yatsunsa sun fara ƙagewa. Ya shigo layin yana tura baro da kansa, yana tsayawa yana haki, a cikin baron an lulluɓe wani abu da tsohon labule. Da ya yaye sai ga amfilifaya, akwatin ƙara wa jita murya, baƙa, mai nauyin buhun siminti. Fatar jikinta ta ɗaye a kusurwoyi, ƙyallen gaban lasifikar ya yage, a samanta ga zoben da kofin shayi ya bari shekara da shekaru.

Yaya ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kayan gyara. Ya shafa ta kamar mai shafa kan yaro.

"Tana nan da rai?" ya ce.

"Da rai irin nawa," in ji Mai Jita. "Yara sun sayo min sabuwa, 'yar ƙarama, amma muryarta sai ka ce ana buga gwangwani. Likita ya ce in riƙa motsa yatsun nan kafin su ƙi ni gaba ɗaya. Na ce in dai zan motsa su, to a kan tsohuwata zan motsa."

"Na'am?"

Mai Jita ya maimaita da ƙarfi, ya ɗan saci kallona, ni kuma na dubi zaren da ke hannuna.

"To, yi min kukanta da bakinka," in ji Yaya.

"Haba, Mai Kunne, har ni?"

"Har kai."

Tsohon ya yi dariya, ya tsuke baki ya ja "shhhhh" har numfashinsa ya ƙare. Sannan ya ce muryarta ma ta tafi, ko ya murɗa maɓallin har ƙarshe sai ka ce mutum ne ke magana a cikin bargo.

Wannan amfilifayar ba irin ta da can mai kwalabe a ciki ba ce, mai tiransista ce, cikin na farko-farko da suka shigo. Yaya ya san ta ciki da bai. Duk shekarun da suka yi suna yawon kiɗa a bayanta yake tsugunawa, kunnensa dab da lasifika, yana jiran ko za ta yi wani tari ya kai mata ɗauki kafin jama'a su ji. Mahaifiyarmu ta sha gaya masa akwatin nan zai cinye masa kunne. Yakan yi dariya ya ce ai shi ne ya ba shi kunnen.

Ya kwance bayanta, ya hure ƙura, ya fitar da saƙar gizo-gizo da wani busasshen kyankyaso. Ranar na ji shi yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na manta rabon da in ji. Ya goge ramin da ake soka wayar jita, ya ɗiga sifirit a maɓallan yana murɗa su gaba da baya. Ya bi ta da yatsa da sukundireba, mataki-mataki, har ya iso inda amsa ta ƙi ƙaruwa. Wata 'yar kondansa ce kusa da tiransista ta biyu, ta kumbura ta bushe. Ya canza ta. Hucin kuma ya kama shi a tiransista ta farko. Da ya kusanto mata da ƙarfen dalma mai zafi sai hucin ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano, da ya ɗiga mata sifirit ta huce sai ya kwanta. Ita ma ya canza ta.

Duk wannan ta falanki nake ji. Da ya kunna bayan ya gama, hucin da ya cika min shago tun zuwanta ya ɗauke ɗif. Yana da wata tsohuwar jita mai ragowar tsirkiya da yake gwaji da ita. Ya soka waya ya ja tsirkiya ɗaya, sai da almakashina ya yi rawa a kan tebur. Na leƙa na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Ta tashi."

Bai ɗago ba. Kansa na karkace, kunnensa a jikin ƙyallen lasifikar, ya haɗe gira.

"Da saura," ya ce. "Akwai wani siririn kuka can ƙasa. Muryar ma ba ta kai yadda na san ta ba."

"Ni ban ji komai ba."

"Ke da keken ɗinki ya gama kashe miki kunne, me za ki ji?"

Na koma na zauna. Raina ya ɓaci, ba don baƙar maganar ba, wannan na saba. Na gane abin da ke faruwa ne, kuma na ga ba ni da bakin faɗa.

Daga ranar amfilifayar nan ta zame mana jinya. Ya cire tiransista ta biyu ya sa wata. Da saura. Ya cire ta gaba da ita. Da saura. Ya bi resistocin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya zarga sai ya zare ta ya jefa a wani gwangwanin kifi da ke gefen tebur. Ya shiga kasuwar 'yan tsofaffin kaya cikin rana, ya dawo ƙafafunsa a kumbure, da 'yan ƙulle-ƙulle a aljihu. Da waɗannan suka ƙare, sai ya kwance rediyonsa ta jin labarai ya ciri na cikinta. Ɗan aikin da ake kawo masa ma ya ture gefe, masu shi su zo su koma, ya ce su ƙara haƙuri.

Kuma kullum maɓallin murya ƙara gaba yake yi. Mai kemis da ke tsallaken titi ya zo da fara'arsa ya ce kwalabensa na rawa a kan kanta. Yaya ya ce masa ai wannan rabin muryarta ce, ya bari ta warke ya ji. Wata mai kawo min ɗinki ta ce ba za ta sake zuwa awo ba sai an gama yaƙin da ake yi a maƙwabta. Ni kaina in na koma gida, kaina sara yake har in kwanta.

Har mitar ya fito da ita. Ranar da na ji ƙarar aljihun teburin nan sai da na daina taka keke. Ya kaɗe mata ƙura, ya sa mata sabon batir, ya bi ko'ina yana aunawa, allurar kuwa duk inda ya ɗora wayoyin sai ta tsaya inda ya kamata. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce zama ya lalata ta, ya mayar da ita aljihun ya tura da ƙarfi.

Mai Jita kan zo lokaci-lokaci ya zauna a kan benci, hannuwansa a tsakanin cinyoyi. Rannan ya ce, "Wallahi ta yi, Mai Kunne. Ko tana sabuwa ba ta wuce haka ba. Ba ni abata in tafi."

"Ba za ta fita shagon nan da kuka a bakinta ba," in ji Yaya. "Kai ma kunnenka ya tsufa, shi ya sa ba ka ji."

Mai Jita ya miƙe. Da zai tafi ya tsaya a ƙofata yana murza yatsunsa. Ya ce min da safe sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su miƙe, kuma kullum jiƙon ƙara tsawo yake. Sannan ya kama hanya.

Daga baya matar Yaya ta zo da kanta, ta zauna a kan tulin yadina, ta rage murya duk da ta san ba zai ji ba. Ta ce ba ya cin abincin kirki, ba ya hira, ko a gida sai ta gan shi ya karkata kai yana sauraron abin da ba kowa ke ji ba.

"Auta, ke za ki gaya masa. Ke kaɗai ce ba ya iya dogon fushi da ke."

"Ke da kike ɗaki ɗaya da shi kin kasa, sai ni? Kin ga wuyana ya fi naki kauri ne?"

"Ni in na faɗa, ina zan sa kaina? Ke ko ba komai akwai falanki a tsakaninku."

Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce mata zan duba, na kuwa yi ta dubawa. Kullum sai in shirya maganar a hanya. In na iso na gan shi sunkuye, ƙeyarsa duk furfura, hayaƙin dalma na tashi ta gefen fuskarsa, sai in ce ina kwana in wuce.

Ranar da abin ya faru ana zafi, da tsakar rana ne. Ina guga sai fankar sama ta fara rage gudu, 'yar fitilar dutsen guga ta mutu. An ɗauke wuta. Firjin mai kemis ya yi shiru, injin niƙan bayan layi ya tsaya, unguwar ta yi tsit irin wanda sai ya zo kake sanin da ana hayaniya. Na ce madalla, yau kaina zai huta. Na ɗauki mafici na miƙe ƙafa, har gyangyaɗi ya fara ɗibata.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ta bayan falanki. Gindin fensir ne.

Na zagaya. Yaya dama ba ya kunna fitila da rana, da hasken ƙofa yake aiki, fankarsa kuwa ta daɗe da mutuwa bai gyara ba. Yana durƙushe a bayan amfilifayar, inda ba ya ganin 'yar jar fitilar da ke gabanta. Kunnensa na manne da lasifika, idonsa a rufe, hannunsa na ƙwanƙwasa kayan ciki da fensir. Gumi ya jiƙa masa riga. Da inuwata ta faɗo masa ya buɗe ido.

"Yawwa, Auta, zo. Yanzu ya fito sosai. Duk kun ce ba kwa ji, to zo ki sa kunne. Yau ko kurma zai ji shi."

Na dubi jar fitilar, a mace take. Na dubi wayar wutar, tana jone a bangon da babu komai a cikinsa. Duk maganar da na yi ta shiryawa a hanya ta gudu, sai tasa ce ta zo min baki.

"Yaya," na ce da ƙarfi yadda zai ji, "yi min kukanta da bakinka."

Ya harare ni, yana zaton tsokana ce. Da ya ga ba dariya a fuskata sai ya gyara durƙuso, ya haɗa haƙora, ya ja wani siririn sauti, "siiiiii." Ba huci ba ne, ba gurnani ba ne. Kukan gyare ne, tsaye, ba hawa ba sauka. Ya ja shi har numfashinsa ya ƙare.

"Yanzu ma kana jin sa?" na ce.

"Ga shi kuwa."

"Yaya, an ɗauke wuta."

"Na'am?"

"An ɗauke wuta. Tun ɗazu."

Ya dube ni. Ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya zagayo gaban amfilifayar ya tsaya a kan jar fitilar. Ya kashe makunni ya kunna. Ya taɓa bakin ƙarfen dalma da yatsa, abin da ba mai hankalin da zai yi, ya tarar ya huce. Sannan ya zare wayar daga bango gaba ɗaya, ya riƙe kanta a tafin hannunsa, ya karkata kai. A fuskarsa na ga kukan yana nan. Ya sa yatsa ya toshe kunnen dama ya saurara. Ya toshe na hagu. Ya toshe duka biyun. Daga nan ya zauna a kan benci a hankali.

Na so in yi kuka, na kuma san in na yi ba zai yafe min ba. Don haka na tsaya ina yi masa fifita da maficin da na shigo da shi.

"Tun yaushe kuka sani?" ya ce.

"An ɗan jima."

"Har Mai Jita?"

"Har mai kemis."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya jawo gwangwanin kifin nan ya girgiza, ya kusa cika.

"Kuka zuba min ido ina ta yi wa baiwar Allah fiɗa, alhali lafiyarta ƙalau."

"Wa ya isa ya gaya maka?"

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur.

Washegari na zo da fargabar in tarar da kwaɗo a ƙofarsa, don Yaya ba ya magana biyu. A buɗe na same ta. Ya zazzage gwangwanin a kan farin ƙyalle, ga mita a gabansa, ba a ɓoye ba. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar kayan, ya auna, ya miƙe musu ƙafafu da filaya, ya mayar da kowanne inda ya ciro shi. Na ce masa ai waɗanda ya sa suna aiki, me zai sa ya sake wahalar da kansa.

"Ba su yi laifin komai ba," ya ce. "Da su aka haife ta. Muryar da Mai Jita ke nema a cikinsu take."

"Na ɗauka yau za ka sa kwaɗon," na ce, don in ban tambaya ba cikina ba zai kwanta ba.

"Cewa na yi ranar da na'ura ta gagare ni. Wannan ba ta gagare ni ba, tun farko na gama da ita. Ni ne na lalace, ni kuwa ba a sayar da kayana a kasuwa."

Biyu kawai ya bari a gwangwanin, kondansar da ta kumbura da tiransistar da ta gaji. Aikin ya ci kwanaki, don idon ma ba na da ba ne. Ba waƙa, ba gwaji da ƙarfi. Layinmu ya samu lafiya, ni kuwa na gwammace hayaniyar da wannan shirun.

Da ya gama ya aika wa Mai Jita, ya zo da jitarsa a cikin jaka. Ya zauna ya daɗe yana gyara tsirkiya, ya murza yatsu, ya fara. Yatsun na tuntuɓe, wani wurin sai ya koma ya sake. Amma muryar, Allah sarki. Mai kauri, mai ɗumi, ta cika shagon ta fita titi ba tare da ta yi ihu ba. Mai kemis ya fito ƙofa da kwalin magani a hannu ya tsaya. Yaya bai kai kunne ba. Ya ɗora tafin hannunsa a saman akwatin, a kan zoben kofin shayin nan, ya bar shi a wurin har kiɗan ya ƙare.

"Ita ce," in ji Mai Jita, yana share ido da bayan hannu. "Wallahi ita ce."

Ya miƙe zai jawo baro, Yaya ya ce ya dakata. A ƙa'idarsa na'ura ba ta fita shagonsa sai ya saurare ta ita kaɗai, a kunne, ba kiɗa ba magana. Ya rage muryar jitar har ƙasa, ya bar amfilifayar jar fitilarta na ci. Ya fara karkata kai yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya ɗauki sukundireba ya ƙwanƙwasa falanki, alhali ga ni tsaye a gabansa.

"Auta, zo ki yi aiki. Daga yau in kin ji wannan ƙwanƙwasar, ki ajiye almakashi."

"Ni da keke ya kashe min kunne?"

"Shi za mu lallaɓa."

Na durƙusa, gwiwoyina na nasu ƙorafin, na manna kunnena da yagaggen ƙyallen. Warin tsohon katako da ƙura mai ɗumi ya cika min hanci. Na riƙe numfashi na saurara da gaske, don na san ba zai karɓi aikin ganin ido ba.

"Me kika ji?" ya ce.

"Ba komai, Yaya."

"Ba huci? Ba gurnani?"

"Ba komai. Shiru."

Ya maimaita kalmar a hankali, kamar sunan wani da ya daɗe da barin gari. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Yi min shi da bakinki," ya ce.

Na rufe bakina. Ya tsaya yana kallon leɓɓana, kansa a karkace, ya daɗe yana saurare.